Samuel Ajayi Crowther: Malamin Makaranta Kafin Ya Zama Bishop

A kowace shekara idan aka zo haɗa wannan littafi na makaranta, akan ba sashen harsuna 'yan shafuka domin mu kawo tarihin wani babban mutum da ya riga mu gidan gaskiya. Bana mun ɗauko Samuel Ajayi Crowther. Ɗalibanmu na manyan azuzuwa sun san shi da amsa ɗaya tak wadda suke haddacewa saboda jarrabawa, wato shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a ikilisiyar Angilikan. Amsar daidai ce. Amma tun kafin a naɗa shi ya yi shekara fiye da goma yana tsaye a gaban aji, kuma yaran da ya koyar sun yi kama da namu na Illela fiye da yadda za a zata.

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar makaranta da safe ya kasa kunne zai gane abin da muke nufi. Ga ɗan ma'aikacin kwastan daga Filato, ga 'yar ɗan kasuwa daga Anacha, ga ɗan soja da aka haifa a bariki, ga yaron Zuru, ga kuma wanda kakanninsa suke Birnin Ƙonni, mai kiran makaranta lakwal, malami kuma mushe. Idan suka haɗu a filin wasa, Turancin buroka suke yi, gauraye da Hausar kasuwa. Wasunsu ma, musamman waɗanda uba da uwa ba harshe ɗaya suke ji ba, da buroka suka buɗe baki, ita ce harshensu na fari. Sa'an nan a kaɗa ƙararrawa su shigo aji, mu miƙa musu waƙar Turanci mu ce su faɗi ma'anarta. Crowther ya san irin wannan aji sarai. A cikinsa ya yi karatu, a cikinsa kuma ya fara koyarwa.

An haife shi wajen 1809 a Oshogun, wani gari na ƙasar Yarbawa da ke cikin jihar Oyo ta yau. Sunansa na yanka Ajayi. A lokacin daular Oyo tana rugujewa, yaƙi ya cika ƙasa, kamen bayi ya zama sana'a. A 1821 mahara suka auka wa garin, suka cinna masa wuta, suka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Bai sake ganin mahaifinsa ba. Aka raba shi da uwar, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, sau ɗaya ma da doki aka musanya shi, har ya faɗa hannun fataken Fotugal a Legas. Suka saka shi cikin jirgin ruwa tare da sauran bayi. Ran 7 ga Afrilu 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sojojin ruwan Ingila masu farautar jiragen bayi suka tare shi. A watan Yuni na wannan shekara aka sauke yaron a Freetown, ƙasar Saliyo, yana ɗan shekara kamar 13, ba uwa ba uba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci.

Ya kamata mu ɗan dakata a kan wannan gari, domin wanda bai san Freetown ta wancan zamani ba, ba zai fahimci Crowther ba. 'Yantattun bayi ne suka kafa garin. A 1792 wata ƙungiya ta baƙaƙen fata ta iso daga Noba Sikoshiya ta ƙasar Kanada, yawancinsu haifaffun Amurka. A 1800 wasu suka iso waɗanda asalinsu daga Jamaika ne. Kowace ƙungiya ta zo da irin nata Turancin. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, sai aka shiga sauke dubun dubatar mutanen da aka ƙwato a teku: Yarbawa, da Ibo, da Hausawa, da Nufawa, da Barebari, da mutanen Kwango, da wasu da yawa. Wani Bajamushe mai suna Koelle, wanda ya koyar a garin, ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar kalmomi, ya buga littafi a 1854 mai ɗauke da harsuna fiye da 150, dukansu a Freetown da kewayenta ya same su. Ku auna wannan da kasuwar Illela, inda idan an ƙirga harsuna goma an yi ƙoƙari.

To, mutanen da ba sa jin harshen juna, ga shi dole su yi ciniki, su yi maƙwabtaka, su yi aure, yaya za su yi? Sai suka kama Turancin da suka tarar a bakin waɗanda suka riga su zuwa, suka sauƙaƙa shi, suka zuba masa kalmomin gida. Ga iyaye, wannan magana ta fita kunya ce kawai. Amma 'ya'yan da aka haifa a can da ita suka tashi, da ita suka yi kuka, da ita suka yi wasa, kuma a bakinsu ta cika ta zama harshe sosai mai ƙa'idojin kansa. Shi ne Kiriyo, wanda a yau kusan duk mutumin Saliyo yana ji. Gaisuwarsu ta kushe daga Yarbanci ta fito, haka ma akara, wato ƙosai. Kalmarmu ta wahala ma tana ciki. Masana da dama suna ganin cewa mutanen Saliyo da suka dawo Legas da Kalaba da bakin Kwara a matsayin malamai da akawuna da 'yan kasuwa sun bar sawunsu a burokar Najeriya. Shi ya sa harsunan biyu suke kama.

Bari mu ba da misali ɗaya na waɗannan ƙa'idoji, saboda abokan aikinmu da ke cewa buroka ba ta da nahawu. A Kiriyo da buroka duka, ƙaramar kalmar don a gaban aikatau tana nuna aiki ya kammala, de tana nuna yana cikin gudana, go kuma tana nuna zai zo. Ba su taɓa rikicewa a bakin yaro. Wannan tsari ya fi kusa da namu na Hausa, inda muke cewa na ci, ina ci, zan ci, aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke canzawa. Turancin littafi kuwa jikin aikatau ɗin yake taɓawa. Saboda haka yaron da ya bar aikatau tsirara a rubutunsa na Turanci, wata doka yake bi wadda ya iya ƙwarai, sai dai ba ita ake nema a takardar jarrabawa ba.

Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst, hannun wani malamin ƙungiyar mishan ta C.M.S. mai suna Davey da matarsa. Makarantun ƙauyukan nan da Turanci zalla suke koyarwa. Dalilin masu mishan shi ne harsunan sun yi yawa, ba a san wanda za a ɗauka a bar wani ba. Ajayi yana da kaifin kai. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, aka mai da shi monita yana koya wa na bayansa, ya kuma koyi aikin kafinta a hannun wani Bature mai suna Weeks. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikilisiya na Landan. A 1826 aka tafi da shi Ingila ya yi 'yan watanni a makaranta. Da ya dawo a 1827 aka buɗe makarantar horar da malamai ta Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajista.

Amma ba kowane yaro ne Ajayi ba. Wata Baturiya mai suna Hannah Kilham, ta ɗarikar Kweka, ta zagaya makarantun nan a waɗannan shekaru, abin da ta gani kuma bai yi mata daɗi ba. Yara suna rera karatun Turanci da murya ɗaya, tiryan tiryan, amma idan aka tsayar da ɗaya aka tambaye shi abin da ya karanta sai ya yi zuru. Bakinsu ya iya, kansu bai ɗauka ba. A 1828 ta buga ɗan littafi mai kalmomin harsuna 30 da ake ji a ƙasar, daga baya kuma ta buɗe makarantar 'yan mata a ƙauyen Charlotte inda ta fara koya musu karatu cikin harsunansu, har da Yarbanci, kafin ta ɗora Turanci a kai. Ta rasu a 1832 aikin bai yi nisa ba. Mu da muke sauraron 'yan aji ɗaya suna rera abin da ke kan allo, mun san wannan zurun. Shekara kusan ɗari biyu ke nan, bai canza kama ba.

Crowther ya auri Asano, wato Hassana, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta. An yi mata baftisma da suna Susan, ita ma malamar makaranta ce. Ya koyar a ƙauyen Regent, sa'an nan Wellington, a 1834 kuma aka mai da shi Fourah Bay ya zama malami a inda ya yi ɗalibta. Yaran da ke gabansa iri biyu ne: sababbin zuwa masu harsunan gida, da haifaffun ƙasar waɗanda ake kira Kiriyo. Shi da kansa ya taɓa zama baƙo a wannan benci, ya san inda takalmin ke matsa ƙafa. A waɗannan shekarun ne ya riƙa zuwa wurin Rabaran John Raban, wanda ya yi masa baftisma, yana faɗa masa kalmomin Yarbanci shi kuwa yana rubutawa. Raban ya buga 'yan ƙananan littattafai uku tsakanin 1830 da 1832. Daga nan Crowther ya ga da idonsa cewa harshen uwarsa yana zama a kan takarda kamar kowane harshe.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara, domin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan barin cinikin bayi. C.M.S. ta sa mutum biyu a ciki, Crowther da wani Bajamushe, Rabaran J. F. Schön, wanda ya riga ya fara koyon Hausa da Ibo a bakin 'yantattun bayi na Freetown. Tafiyar ta ƙare da baƙin ciki, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Amma wani ɗan abu ya faru a garin Aboh wanda ya kamata kowane malamin harshe ya sani. Schön ya shirya jawabi cikin harshen Ibo, ya tashi yana karanta wa sarki Obi Ossai. Lafazinsa bai fita ba, sarki ya gaji ya katse shi. Da tafintansu Simon Jonas, wanda Ibo ne ɗan asali, ya karɓi magana, sai sarki ya natsu ya saurara, ya kuma yi mamakin ganin baƙin mutum irinsa yana karatu. Su biyun suka koma da ra'ayi ɗaya, cewa 'yan ƙasa ne za su yi wannan aiki, kuma cikin harsunan ƙasa.

A nan ne tarihin Crowther ya gitta namu na Hausa. Schön ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Daga baya ya samu taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda matafiyi Barth ya kai Ingila, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, inda Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Dorugun nan ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ashe ɗaya daga cikin saiwoyin Hausar boko da muke koyarwa a aji, a unguwannin Freetown take.

Rahoton da Crowther ya rubuta a kan tafiyar ya burge shugabannin C.M.S., aka kira shi Landan ya ƙara karatu, aka naɗa shi firist a 1843. A wannan shekara ya buga littafinsa na farko na nahawu da kalmomin Yarbanci. Da ya koma Freetown, a watan Janairu 1844, ya yi sujada ta farko cikin Yarbanci. Mutanen da suka yi shekaru suna zama a coci suna kama rabin magana, ranar suka ji ta duka. A 1845 ya tafi Badagiri, a 1846 ya shiga Abekuta, a can kuma ya haɗu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Daga baya ta karɓi baftisma da suna Hannatu.

Yadda ya yi aikin harshe shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Bai zauna a ɗaki ya ƙaga kalmomi ba. Yakan je inda dattawa suke zama, ya saurari masu shari'a, da bokayen Ifa, da malaman Musulmi, da mata a kasuwa, yana rubuta yadda suke sarrafa magana. Idan ya tarar kalma ta riga ta zauna a bakin mutane yakan ɗauke ta, ko daga ina ta fito. Shi ya sa Bahaushe zai buɗe Littafi Mai Tsarki na Yarbanci ya tarar da 'yan'uwa a ciki: adura ita ce addu'armu, alafia ita ce lafiya. Ya tara karin magana masu yawa ya zuba su cikin ƙamus ɗinsa na 1852, domin a ganinsa ba a sanin nauyin kalma sai an ji ta a inda masu harshen suka fi gwaninta. Wannan shi ne adabi tun kafin a ba shi suna a jadawalin darasi. Ya kuma nace sai an sa alamun karin sauti a kan wasula, domin a Yarbanci kalma ɗaya kamar igba tana iya zama ɗari biyu, ko ƙwarya, ko lokaci, gwargwadon hawa da saukar murya. Mu a Hausa ba mu bi wannan hanya ba, shi ya sa har gobe ɗalibi yakan tsaya a kan gari ya rasa ko na zama ne ko na tuwo, sai ya kai ƙarshen jimla.

A watan Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas. Takardun da ya yi shekara 11 yana tara kalmomi da karin magana a ciki, da fassarorin da bai gama ba, duk suka zama toka. Dattawan da ya ji wasu maganganun a bakinsu sun riga sun mutu. Ya sake ɗaukar alƙalami ya fara daga inda zai iya tunawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda ya yi babban rabo na aikinsa tare da wasu, ya fito a 1884.

Kada ɗalibai su ɗauka duk abin da ya taɓa ya yi albarka. Bayan tafiyar 1854 tare da Likita Baikie, wadda a cikinta shan kwinin ya sa ba wanda ya mutu, an sake hawa Kwara a 1857. Crowther ya ajiye Rabaran J. C. Taylor a Anacha, ya kuma buga ɗan littafin koyon karatu na Ibo. Amma Ibon da ke cikin littafin, wanda ake kira Isuama, a Saliyo aka tattara shi, daga bakin mutanen da suka fito garuruwa dabam dabam suka daɗe da barin gida. Gauraye ne wanda ba garin da ke yin sa. Mutanen Anacha suka ji shi baƙo a kunnensu, bayan shekaru ana fama aka watsar da shi. Wanda ya yi Yarbanci da kunnen ɗan gida, a Ibo da kunnen aro ya yi, kuma bambancin ya fito.

A wannan tafiya ta 1857 an yi niyyar a kai Rabba, daga can a bi ta ƙasa zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse, tafiyar Sakkwato ta sha ruwa. Crowther ya yi zaman jira na watanni a ƙasar Nufe, bai kuwa zauna haka kawai ba, ya shiga koyon Nufanci. Ya buga littafin koyon karatunsa a 1860, nahawu da kalmomi a 1864. Ya yi zaman mutunci da Etsu Masaba na Bida, yana tattaunawa da malaman Musulmi cikin ladabi, ba zagi ba gori. Mu da muke zaune a Illela tsakiyar maƙwabta Musulmi mun san darajar wannan hali.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babban cocin Kantabari, jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin masu kallo akwai Henry Leeke, hafsan jirgin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce. Ba za mu bi duk tashoshin da ya buɗe a bakin Kwara ba. Abin da ya shafe mu shi ne kusan kowace tasha da makaranta take farawa, kuma a can ya ci karo da matsalar da muke fama da ita har yau. Shi yana son yaro ya fara karatu da harshensa, iyaye kuwa Turanci suke so. Sarakunan Boni, inda ya buɗe aiki a tsakiyar shekarun 1860, sun nuna masa a fili cewa buƙatarsu ita ce 'ya'yansu su iya Turanci da lissafin gangunan manja, domin kada fataken Turawa su cuce su. Ba za mu ga laifinsu ba. Uban da ya sayar da buhun albasa ya biya kuɗin makaranta, sakamakon Turanci yake fara dubawa a takardar ɗansa, domin ya san ba a shiga jami'a sai da shi. Crowther bai zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba, ya riƙe biyun. Surukinsa T. B. Macaulay shi ya kafa makarantar sakandare ta C.M.S. a Legas a 1859, ta farko a Najeriya, jikansa kuwa shi ne Herbert Macaulay.

Yanzu ga abin da ya fi ba mu mamaki a tarihin nan. Yawancin malamai da masu bishara da suka yi aiki a ƙarƙashinsa mutanen Saliyo ne. Kiriyo suke yi a gidajensu, da shi suke yi wa 'ya'yansu faɗa. An rubuta wa Yarbanci nahawu, an rubuta wa Nufanci, an rubuta wa Hausa da Ibo da Barbarci, amma harshen da ke cika titunan Freetown, inda aka fara duk wannan aiki, ba wanda ya yi masa ko littafin koyon baƙaƙe. Bai shiga lissafin harsuna ba. Ana ɗaukarsa Turanci ne da ya lalace, abin da za a kankare daga bakin yaro. Makarantar sakandare ta C.M.S. da aka buɗe a Freetown a 1845 tana koyar da Latin da Girkanci, a 1876 kuma aka haɗa Fourah Bay da jami'ar Durham ta Ingila, garin ya yi suna wajen ilmi a duk Afirka ta Yamma. Duk da haka yaron da ya shigo aji da Kiriyo, a matsayin mai kuskure ya shigo. Harshen da ya yi nisa da Turanci an girmama shi a matsayin baƙo, wanda ya yi kama da Turanci kuwa kamannin ne ya jawo masa raini. Crowther ɗan zamaninsa ne, a wannan wuri bai wuce sauran ba.

Ba mu da bakin yi masa gori. Yawancinmu mun yi makarantun da ake rubuta sunan duk wanda aka ji yana yaren gida ko buroka, a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. Da muka zama malamai mu ma mun yi wa wasu. Akwai wata yarinya da ta shigo aji ɗaya shekarun baya, mai surutu da ba da labari a ɗakin kwana har sai an kashe fitila. Muka yi ta gyara mata baki a gaban 'yan aji, duk jimlar da ta fara sai mun tare ta. Kafin ƙarshen zango na biyu ta daina ɗaga hannu. Turancinta bai ƙaru ba, maganar ce ta ragu. Sai da wata malama a cikinmu ta canza dabara, ta ce kowa ya fara ba da labarin da aka karanta da harshen da ya fi iyawa, sa'an nan a raba allo biyu, a rubuta jimlar buroka a hagu, ta Turancin littafi a dama, 'yan aji da kansu su nuna inda suka rabu. A nan aka gane yarinyar ta fi kowa fahimtar labarin. Tun daga lokacin muke amfani da allo mai gida biyu a ƙananan azuzuwa, ko da yake har yanzu ba dukanmu ne muka yarda da shi ba, ana kuma ta muhawara a ɗakin malamai.

Ƙarshen rayuwar bishop ɗin bai yi daɗi ba. A 1890 wasu samarin Turawa 'yan mishan suka iso bakin Kwara, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zauna a Lakwaja suna sa rigunan Hausawa suna koyon Hausa da nufin shiga ƙasar Hausa. Suka zargi ma'aikatan Saliyo da rashin tsarki da son abin duniya. Akwai masu laifi na gaske a cikin ma'aikatan, amma an yi musu kuɗin goro. Aka rufe makarantar horar da malamai da Crowther ya gina a Lakwaja. A wani taro a Anacha a watan Agusta 1890 aka dakatar da limaman da shi ya naɗa, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon da ya haura shekara 80 ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a wannan shekara, Brooke ya bi su a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta aiko ɗan'uwansa C. H. Robinson har Kano, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Babban Bishop na Kantabari Justin Welby ya fito fili ya nuna nadamar ikilisiya a kan abin da aka yi masa.

Shi kuwa Kiriyo ya daɗe yana jira. Wani ɗan jarida na Saliyo, Thomas Decker, ya yi shekaru yana jayayya cewa harshe ne cikakke, a 1964 kuma ya fassara wasan Shakespeare na Julius Caesar zuwa cikinsa domin ya nuna zai iya ɗaukar kaya mai nauyi. Babban ƙamus na Kiriyo da Turanci, na Clifford Fyle da Eldred Jones, ya fito a 1980, shekara 89 bayan rasuwar Crowther. A shekarun 1990 aka sa harshen cikin darussan ƙananan makarantun sakandare na Saliyo, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma ya fito cikinsa a 2013. A nan gida, BBC ta buɗe sashen buroka a 2017. Ƙasusuwan bishop ɗin, waɗanda aka fara binnewa a maƙabartar Ajele, an mai da su harabar babban cocin Angilikan da ke Marina a Legas a 1976, kabarin yana nan ga duk ɗalibin da hanya ta kai shi can.